Kafin Ka Rataya Jakar Kamfanin Inshora: Inda Sababbin Wakilai Ke Tuntuɓe a Kebbi

Tambayar farko da sabon wakilin inshora ke yi idan ya zauna gaban manaja ita ce, "Nawa ne kamasho?" Ni ma ita na yi, shekarun baya a Birnin Kebbi, kuma ita ta kai ni ta baro. Kamfanin da na shiga ya fi kowa sakin hannu wajen kamasho, ya kuma fi kowa maƙo ranar biyan diyya. Na yi wa wani ɗan kasuwar Jega inshorar gobara, wuta ta cinye shagonsa, aka shafe wata biyar ana ce mana takardu suna Legas. Shi bai san Legas ba, ni ya sani. In dawo daga sallar asuba in iske shi zaune bisa dakalin ƙofar gidanmu, hula a gwiwa, ya ce, "Malam, kai ka tako har shagona ka ce in amince. To, ina aka kwana?" Mahaifina yana ji daga zaure.

Saboda haka ka juya tambayar. Ka ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, a nuna mini diyya uku da aka biya a Kebbi ko Sakkwato cikin shekarar nan, da kwanakin da kowace ta ɗauka." Wanda ke biya zai jawo fayil da murna. Wanda ba ya biya zai fara ba ka labarin tsawon benen hedikwatarsu. Daga nan ka nemi wakilan da suka bar kamfanin, don su ba su da abin ɓoyewa, sannan ka leƙa tasha ka ji ta bakin direbobi. Ka kuma tambayi wanda ke zuwa duba asara idan ta auku. In sai an turo shi daga Kano ko Abuja, ka san mai shago zai kwana da toka mako guda kafin a zo.

Kuskure na biyu shi ne yarda da allo da kwandishan. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanoni lasisi, kuma tana wallafa sunayensu a shafinta na intanet. Dubawar minti biyar ce, amma mutane ba sa yi. Tsufan suna ma ba hujja ba ne: a 2022 hukumar ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, sunayen da iyayenmu suka sani. Sabuwar dokar inshora ta 2025 kuma ta ɗaga jarin da ake buƙata zuwa Naira biliyan 10 ga masu inshorar rayuwa, biliyan 15 ga masu ta dukiya, don haka ka tambaya ƙarara inda kamfanin ya tsaya a wannan batu. Lasisin ma iri-iri ne. Mai na rayuwa kawai ba shi da hurumin yi wa mota inshora. Kai kanka sai da rajistar wakilci daga NAICOM, kuma kamfanin kirki shi zai tsaya maka wajen horo da samun ta.

A nan ne 'yan bogi ke kama yara. Tun Janairun 2023 inshorar mota ta dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida. Duk "kamfanin" da ya ba ka takardu ka sayar a dubu biyar, takardar tsire ya ba ka. Ta gaskiya tana fitowa a NIID, rumbun bayanan kamfanonin inshora da ke intanet, da zarar an sa lambar mota. Ka gwada da motar da suka ce sun yi wa, kana zaune a ofishinsu.

Sai abin da na fi ganin yana karya sababbi a ƙasarmu, wato shiga kamfani ba tare da tunanin amsar da za ka ba mai tambayar halacci ba. A Argungu ko Gwandu, kafin Alhaji ya tambayi farashi zai ce, "Wanga abu, malamai sun yarda da shi?" In ka tsaya in-ina, ciniki ya mutu, shayin ma ba za ka shanye ba. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, kuma akwai masu lasisinsa irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A tsarin, abin da mutum ya zuba gudunmawa ce cikin asusun taimakon juna, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, akwai kwamitin malamai da ke sa ido, in an samu rara kuma ana iya raba wa waɗanda suka zuba. Ban ce lallai sai takaful za ka yi ba. Mai neman ma'aikatan banki da 'yan kwangila zai iya cin abinci da inshorar da aka saba. Amma in kasuwa da ƙauye ka nufa, ka zaɓi inda za ka amsa tambayar nan kai tsaye. Kada kuma kalmar ta ruɗe ka, kamfanin takaful ma sai ka binciki yadda yake biya.

Wasu kuma sukan ɗauko hajar da ba ta garinsu ba. An koya maka sayar da tsarin ajiyar karatun yara na zubin wata-wata, alhali mutanenka manoman shinkafa ne a fadamar Suru da masu loda albasa daga Aliero zuwa kudu, waɗanda kuɗi ke zo musu da kaka. Su abin da ke hana su barci ambaliya ce irin ta 2020, da tirela ta kife a hanya. Yawancin manoman nan sun fara jin sunan inshora ne ta bashin Anchor Borrowers, shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, don haka suna kallon ta kamar wani yanki da ake cirewa daga bashi. Aiki ne ja a gabanka, ka tabbata kamfanin yana da inshorar gona da ta kaya a hanya kafin ka ɗauke shi.

Takardar yarjejeniya kuwa, ka kai ta gida ka karanta, kada ka sa hannu a tsaye. Alawus ɗin da aka ce za a ba ka, sau da yawa a ɗaure yake da adadin cinikin da za ka kawo kowane wata. A inshorar rayuwa, in mutum ya daina zubi da wuri, akan zare kamashon da aka riga aka biya ka daga na gaba. Ka nemi a rubuta ranar biyan kamasho, da matsayin na sabuntawa idan mutanenka suka sake zubi baɗi, da abin da zai faru da shi in ka bar aikin. Wanda ya ce ka kawo kuɗin fom kafin a ɗauke ka, ko ka riƙa karɓar kuɗin mutane a asusunka ka tura daga baya, ka yi masa sallama. Ƙa'idar ita ce ba biya, ba kariya: in mota ta yi karo ranar Laraba, kuɗin kuma suna asusunka tun Litinin, kamfani zai ce bai san zancen ba, mai mota kuma yana riƙe da shaidar cewa kai ya tura wa.