Yadda za ka gano matsalar saita haske da hannu a tsohuwar kamarar fim

Idan fim ɗinka ya dawo daga wanki baƙi ƙirin ko fari fat, kar ka yi saurin kwance kamarar, yawanci abin bai kai can ba. Fara da abin da idonka zai iya gani. Cire fim, buɗe murfin, ka sa ta a manuwal, ka haska tocila ta gaban lens kana leƙawa ta baya, ka danna maɓallin ta fara gudu sannan ka riƙa murza dayal ɗin ramin haske daga f/2 har f/16. Ya kamata ka ga ramin hasken yana buɗewa yana tsukewa. In yana motsi to Alhamdulillahi, matsalar lissafi ce ko mitar awon haske. In ya tsaya cak, ko yana tafiya da ƙyar, a nan aikin yake.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamarorin Super 8 (masu amfani da fim na cikin kaset) da yawa ko a manuwal ɗin ma sai da batir ramin yake motsi, kuma batirin mita daban yake da na injin da ke juya fim. Wasu kamarorin Nizo da Canon 814 na farko suna da wani ɗan ɗaki na musamman da ake sa ƙananan batura biyu, ka duba ko akwai farin gari ko kore-kore a jikin ƙarfen, in akwai ka goge da auduga da ɗan binega, ka bari ya bushe sosai kafin ka mayar. Su waɗannan kamarori an ƙera su ne da batirin makuri PX625 mai bolt 1.35, wanda an daina yinsa tuntuni, in ka sa alkalin mai 1.5 allurar za ta motsa kam amma ƙarya take maka, kuma ƙaryar tana canzawa yayin da batirin ke sanyi. Ka nemi na zinc-air irin na na'urar taimaka wa ji, wajen 1.4 yake, ko adafta mai rage bolt. Shi zinc-air ɗin baya daɗewa da zarar ka ɓare takardar bayansa, sai ka riƙa ajiye na canji.

In batir lafiya amma ramin ya ƙi, galibi tsohon mai ne ya daskare a jikin ganyayyakin da ke buɗe ramin da tsuke shi. Don Allah kar ka fesa mata WD-40, kai wa mai gyara.

To yanzu lissafin, wanda a ganina nan ne aka fi tafka asara. Kamarar fim ba kamar ta hoto ba ce da za ka zaɓi gudun shata (marufin da ke buɗewa yana rufewa a gaban fim) yadda ka ga dama, gudun fim da faɗin buɗewar shata su ke yanke maka. Ka ninka firem na daƙiƙa ɗaya da 360 ka raba da digirin shatar. Firem 24 da shata mai digiri 180 zai baka 1/48, firem 18 zai baka 1/36, su kuma kamarorin da aka rubuta wa XL shatarsu ta kai wajen digiri 220, kaga a firem 18 kusan 1/30 kenan. Wannan lambar za ka sa a mitar hannu ko manhajar awon haske ta waya. Sannan kamara mai leƙawa ta cikin lens tana satar wani kaso na hasken ta aika wa idonka, a Bolex H16 Reflex kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, ga shi shatarta ba ta kai digiri 180 ba, shi ya sa masu ita suke saita mita a 1/80 in suna ɗauka a firem 24. Ka kuma duba sandar shatar nan ta gefe a ƙirar Rex ta Bolex, in wani ya barta a rabi ka rasa mataki guda cur, wato rabin hasken, baka sani ba, haka ma in babu mariƙin filta a raminsa haske zai kutsa ya ɓata maka fim.

Sai maganar kaset na Super 8. Tun 1965 da Kodak ta fito da shi, wani yanka ne a jikinsa ke gaya wa kamara ƙarfin fim, amma kamarori da yawa ASA 40 da 160 kawai suka iya karantawa, in ka sa fim ɗin 500T mai ASA 500 mitar ciki ba ta san me take ɗauke da shi ba, dole ka bi mitar waje. Filta 85 ɗin nan mai ruwan lemo da ke cikin kamarar ita ma tana cin kashi biyu cikin uku na mataki, ka tabbatar ko tana ciki ko ta fita.

In kana son gwada mitar da sauri, fita rana tsaka da fim mai ASA 50 a firem 24, ya kamata ta nuna kusa da f/16. Daga nan ka sadaukar da kaset ɗaya, ka ɗauki abu guda a matakai daban-daban kana riƙe takarda mai lambar f a gaban lens. Nagetif irin Vision3 yana jure ƙarin haske, in kana shakka buɗe masa kaɗan, amma Ektachrome 100D da Tri-X ba su da wannan haƙurin, mataki ɗaya ma sai ya nuna.