Yadda ake adana labarin girman yaro da isar da shi ga dangi

A unguwannin zango na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, da wuya a sami yaron da danginsa duka suke gari ɗaya da shi. Wata kakar tana Tamale ko Bawku, kawu yana Nima a Accra, goggo kuma tana Jamus, kuma duk wanda ya kira waya tambayarsa ɗaya ce: ya fara zama, ya yi haƙori, ya tashi? Uwar da take fama da goyo da girki da wanki ba ta cika riƙe ranakun nan ba, shi ya sa bayan shekara biyu sai a ji ana gardama ko kafin azumi yaron ya fara tafiya ko bayan babbar salla.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne a sayi ƙaramin littafin rubutu, a ajiye shi a jaka ɗaya da littafin awo, wato littafin lafiyar uwa da yaro da Hukumar Lafiya ta Ghana ta fara rabawa a 2018. Duk ranar da yaro ya yi sabon abu, sai a rubuta kwanan wata da layi ɗaya kafin a kwanta barci, domin abin da aka bari sai gobe yakan ɓace. A rubuta abin da ido ya gani daidai yadda ya faru. Rubuta cewa «ranar 12 ga Maris ta dafa ƙafar kujera ta miƙe, ta saki hannu ɗaya, sannan ta zauna daɓas tana dariya» ya fi amfani a kan cewa «ta fara tsayuwa». Yana da kyau a ƙara watan Musulunci a gefe, tunda da shi tsofaffinmu suka fi yin lissafi.

Ranar awo ita ce ranar duba littafin. Ana yi wa jariri rigakafin tarin fuka da na shan inna da zarar an haife shi, a koma a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan a wata na 9 a yi na ƙyanda da na shawara, a wata na 18 kuma a maimaita na ƙyanda a haɗa da na sanƙarau. A kowace zuwa a kwafe nauyin yaron cikin littafin gida, kuma idan nas ta tambayi abin da ya iya, ga amsa a rubuce. Kada a manta da takardar haihuwa, wadda ake yi kyauta kafin yaro ya cika wata 12. Tun ranar suna ya kamata uba ya tsayar da yadda za a rubuta sunan da boko, domin Abdurrahman a takarda ɗaya da Abdul Rahman a katin inshorar lafiya yakan jawo zirga-zirga daga baya.

Wurin da iyaye suka fi shiga damuwa shi ne kwatanta yaro da na maƙwabta, musamman a gidan haya inda yara suke rarrafe a tsakar gida ɗaya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda yaran Accra suna cikin waɗanda aka bibiya, ya nuna cewa lafiyayyen yaro yana iya fara zama shi kaɗai tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, tafiya kuma tsakanin wata 8 zuwa wata 17 da rabi. Tazarar tana da faɗi, don haka jinkirin wata ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan yaro ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi, to a kai maganar asibiti. Haka nan gudawa da zazzaɓin da ake ɗora wa fitowar haƙori, a ganina wannan zato ya cutar da yara da yawa. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi a duba.

Kalmomin farko a rubuta su yadda yaron ya furta, ko da ya gauraya Hausa da Twi da Turanci, domin yaron Kumasi da harsunan uku yake tashi, kuma gaurayawar ba matsala ba ce.

Wajen isar da labari, saƙon murya ta WhatsApp ya fi dacewa da kakanni, tunda da yawansu ba sa karanta boko. A zaɓi rana ɗaya a mako, kamar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a fara da gaisuwa yadda ta dace, sannan a ba da labari, a bar yaron ya yi gwarancinsa a ƙarshe. Uwar da take kunyar ɗan fari tana iya barin uban ko goggon yaron su yi maganar. Hotuna kuwa a tura wa mutum kai tsaye, kada a baza su a Facebook, kuma a guji hoton wanka, da na rigar makaranta mai tambari, da na shafin littafin awo mai ɗauke da bayanan gida. Labarin rashin lafiya a kira waya a faɗa wa wanda ya kamata, domin idan ya shiga zauren dangi kowa zai kawo nasa maganin.

Waya tana ɓacewa kuma tana lalacewa, saboda haka duk bayan wata shida a zaɓi hotuna kaɗan a wanke su, a rubuta kwanan wata a bayansu, a saka cikin littafin. A riƙa ajiye jakar nesa da ruwa da hannun yara, domin galibi za a nemi takardar haihuwa da littafin awo ranar da za a kai yaron ajin reno yana ɗan shekara 4.