Kafin ka buga "Champagne" a jikin kwalbarka

Masu haɗa lemon biki, irin mai kumfa da ba ya bugarwa, sukan tambaye ni ko za su iya rubuta Champagne a kwalba tunda babu giya a ciki. In kana da niyyar fitar da kayan waje, kada ka soma. Ga yadda nake bin maganar da duk wanda ya kawo mini samfurin takardar da zai manna.

Fara da tambayar ko sunan na wani wuri ne. Champagne yanki ne a arewa maso gabashin Faransa da ake yin giyar inabi mai kumfa da sunansa, Cognac gari ne a can, Tequila ma gari ne a jihar Jalisco ta Meziko. Da zarar ka ga haka, ka shiga hurumin yarjejeniyar TRIPS ta Hukumar Kasuwanci ta Duniya kan kare haƙƙin mallakar fasaha, wadda aka sa wa hannu a Marakesh a 1994.

Sassa biyu za ka karanta. Na 22 ya shafi kowane irin kaya, amma sai mai ƙara ya nuna an yaudari mai saye ko an yi gasar rashin gaskiya. Na 23 na giyar inabi da barasa mai ƙarfi ne kaɗai, kuma ba ruwansa da yaudara. Ko ka rubuta ainihin inda aka yi kayan ɓaro-ɓaro, ko ka fassara sunan, ko ka ƙara "irin na" ko "salon", duk haramun ne.

A nan ne mutane ke cewa ai nasu ba giya ba ne. Gaskiya ne, sashe na 23 bai kama ka kai tsaye ba, amma dokokin Turai sun wuce nan. A 1993 kotu a Ingila ta hana sayar da wani lemo marar giya da sunan Elderflower Champagne. A shekarar ce kuma kotun Faransa ta hana kamfanin Yves Saint Laurent kiran turarensa Champagne, daga baya ya koma Yvresse. Turare fa, ba abin sha ba!

Kada "California Champagne" da ake rubutawa a kan wasu giyoyin Amurka ta ruɗe ka. Sashe na 24 ya yi wa tsofaffin masu amfani da suna sassauci, kuma yarjejeniyar Amurka da Tarayyar Turai ta 2006 ta ƙyale waɗanda suka riga suka samu izini kawai. Sabon shiga ba shi da rabo.

Sai ka duba rajistar sunayen da aka kare, kyauta ne: eAmbrosia ta Tarayyar Turai, da Lisbon Express ta hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, WIPO. Dokar ƙasar da kayan za su sauka ita ce abin dubawa, ba ta gida ba. In sunan na ciki, canza tun kafin a kai wa mai buga takarda. Sifaniya da kanta ta haƙura, tana kiran tata giyar mai kumfa da sunan Cava.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun taron Doha na 2001 ƙasashe da dama ke neman a ba sauran kaya irin kariyar sashe na 23, har yau shiru. Ita kuwa Nijar ta bi ta OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai ofis a Yawunde, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista. Saboda haka in kasuwarka Yamai ce ko Kamaru, rajistar OAPI ma ka leƙa ta.