Sayen baƙo a shagon intanet: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A Kantin Kwari ba wanda ke tambayar mai saye katin ɗan ƙasa kafin ya yanka masa shadda. Ya biya, ya ɗauki kayansa, sai wata rana. Sayen baƙo a shagon intanet ma haka yake: mutum ya zaɓi kaya, ya sa suna da lambar waya da inda za a kai masa, ya biya, ba sai ya buɗe akawun ba. WooCommerce da Shopify, manhajojin da ake gina shagon intanet da su, duk sun bar wa mai shago zaɓin ya tilasta rajista ko ya ƙyale. Sai dai a Kwari kuɗin da ya shiga aljihu ya shiga ke nan. Kuɗin kati kuwa, banki na iya dawowa bayan watanni ya zare shi idan mai katin ya ce ba shi ya saya ba, kuma ƙa'idar Visa kan ba shi har kwana 120 ya kai ƙara.

Kuskuren farko shi ne wanda zafin rai ke sawa. An damfari mai shago sau ɗaya, washegari ya rufe sayen baƙo, ya ce kowa sai ya yi rajista. Wa ya kora? Ɗan damfara zai buɗe akawun da imel na wucin gadi cikin minti ɗaya. Hajiyar da ta zo sayen turaren wuta ce za ta ga ana neman kalmar sirri mai harafi da lamba da alama, ta yi tsaki ta koma wurin mai sayarwa a WhatsApp. Cibiyar Baymard ta ƙasar Denmark, wadda ta daɗe tana nazarin shagunan intanet, tana sa tilasta rajista cikin manyan dalilan da ke sa mutane barin kaya a kwando su fice. Akawun ɗin ma da nasa ciwon: mutane suna maimaita kalmar sirri ɗaya a ko'ina, in ta fita a wani wuri ɓarawo ya shigo da ita shagonka a matsayin tsohon kwastoma. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka bar baƙo ya saya, bayan ya biya ka yi masa tayin buɗe akawun in yana so.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne raina ƙananan oda. Mai shago ya tashi da asuba ya tarar da oda ɗaruruwa, duk na abu mafi araha a shagon, safa ko ɗan kwalli, sunayen ba sa karantuwa, imel ɗin tarkacen haruffa ne, kusan duk biyan bai wuce ba. Sai ya ce ai ba abin da aka ɗauka, ya share. Ba safa suka zo saya ba. Lambobin katin sata ne a hannunsu da yawa, sun sa manhaja tana gwada su ɗaya bayan ɗaya don a ware masu rai, shafin biyanka kuwa shi ne ma'auninsu tunda ƙofarsa a buɗe take. Kaɗan ɗin da suka wuce za su dawo maka a matsayin ƙara, kamfanin da ke karɓar maka kuɗi kuma zai fara yi maka kallon shago mai hatsari, har ya iya riƙe kuɗinka ko ya dakatar da kai. Maganin ba shi da tsada. Ka ƙayyade sau nawa na'ura ɗaya ko lambar waya ɗaya za ta iya gwada biya cikin awa guda, ka sa reCAPTCHA ko Turnstile na Cloudflare, masu tantance mutum ne ko manhaja, a shafin biya, kuma kada shafin ya riƙa bayyana ko lambar bayan kati ce ba daidai ba ko ranar ƙarewarsa. Wannan bayanin ɓarawon ya zo nema.

Sai masu cire matakin tantancewa na 3-D Secure, wato lambar nan da banki ke turowa a waya, wai tana ɓata wa mai saye lokaci. Tana ɓatawa kam, musamman ranar da sabis ya tsaya. Amma in an tantance ta wannan hanya, galibi alhakin satar yana komawa kan bankin da ya ba da katin. In ka cire, kai za ka rasa kaya ka rasa kuɗi. Kada kuma ka dogara da tsarin duba adireshin mai kati. A Amurka da Kanada da Birtaniya ya fi aiki, ba a inda adireshi yake "bayan gidan mai, ka tambayi mai shayi" ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, duk katin waje sai su soke odar. Ɗan'uwa a Jidda ko Landan da ke saya wa mahaifiyarsa kayan Sallah a Katsina, katinsa na wata ƙasa ne, adireshin na wata, kuma halal ɗinsa ne. Ka ɗaga waya ka kira. Mai gaskiya zai amsa, ya faɗi abin da ya saya. Abin da ya kamata ya tsayar da kai shi ne sabon baƙo mai odar kaya masu tsada, yana gaggawa, sannan bayan ya biya ya bugo ya ce a canza adireshi, a ba direba a tasha.

Alat na bogi kowa ya san shi, amma har yau ana sakin kaya a kan hoton rasit. Yana da ɗan'uwa a ɓangaren masu haɗa shafi: shagon ya ɗauka an biya don kawai mai saye ya iso shafin "mun gode". Dole sabar shagonka, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta tambayi kamfanin da ke karɓar maka kuɗi, kamar Paystack ko Flutterwave, kai tsaye ko kuɗin ya shiga, kuma nawa ne. A Paystack da kwabo ake lissafi, 5000 a wurinsu naira 50 ce, don haka a gwada adadin da farashin odar kafin a rubuta an biya.

Baƙo ba shi da tarihi a wurinka, saboda haka ranar da aka kai ƙara takardunka ne kaɗai za su yi magana. Ka ajiye lambar oda, saƙonnin da kuka yi, da sa hannu ko hoton wanda ya karɓi kaya. Lambobi ukun bayan kati kuwa ƙa'idar PCI DSS, wato ƙa'idar tsaron bayanan kati da kamfanonin kati suka gindaya, ta hana ajiye su bayan an gama biya, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane da za ta iya hawa kanka in bayanan masu saye suka fita daga hannunka. Cikakkiyar lambar kati ka bar ta wurin kamfanin biyan kuɗi, lambobi huɗun ƙarshe sun ishe ka gane oda.