Malamin Turanci a Tailan: yadda za ka leƙa ƙasashen maƙwabta ka dawo izinin zamanka na nan daram

Abokin aikinka ɗan Ingila yana iya yanke shawara ranar Laraba a ɗakin malamai, ya sayi tikiti ta waya, daren Juma'a ya kwana a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Kai mai fasfon Najeriya, ko Nijar, ko Ghana, ko Kamaru, idan ka bi sahunsa tafiyarka a gaban ma'aikacin kamfanin jirgi za ta ƙare. Shi da tikiti yake farawa, kai kuwa tikiti ne na ƙarshe. Jerin naka shi ne: ranar ƙarewar kwantiragi, izinin sake shigowa Tailan, bizar ƙasar da za ka, sannan kuɗin jirgi.

Fara da kalandar makaranta

Makarantun gwamnati a Tailan zango biyu suke yi. Na farko daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Oktoba, na biyu daga farkon Nuwamba zuwa Maris. Ke nan hutu biyu ne na kirki: 'yan makonnin Oktoba, da dogon hutun da ya tashi daga Maris zuwa tsakiyar Mayu. Sai kuma ranakun hutun ƙasa da kan manne da ƙarshen mako, irin su 28 ga Yuli, 12 ga Agusta, 13 da 23 ga Oktoba, 5 da 10 ga Disamba. In ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi akan maye ta da Litinin. Hutun Salla babu shi sai a lardunan kudu irin su Pattani, Yala, Narathiwat da Satun, don haka mai son yin Idi a Malesiya sai ya nemi izini a rubuce tun da wuri.

Hutun ɗalibai ba lallai ne ya zama hutun malamai ba. Akwai makarantun da ke sa malami ya riƙa zuwa yana sa hannu har a gama shigar da maki, wasu kuma su tsiri sansanin koyon Turanci na kwana biyu ko uku a tsakiyar hutun. Ka je wurin shugaban sashen harsunan waje, ka ba shi ranar tafiya da ranar dawowa, ya amsa maka a rubuce ko da ta manhajar Line ce. "Babu matsala" ta fatar baki a bakin ƙofa ba ta hana a yanke albashi.

Dogon hutun nan shi ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma ya fi tarko. Kwantiragin malamai da yawa a ƙarshen Maris yake ƙarewa, izinin zaman kuma da aikin aka ɗaure shi. In makaranta ba ta sabunta maka ba kafin ka fita, kana iya samun kanka a wata ƙasa babu hanyar komawa sai da sabuwar biza, abin da ba ya zuwa wa mai fasfon Afirka ta Yamma da sauƙi. A tsakiyar hutun kuma ga bikin watsa ruwa na Songkran, 13 zuwa 15 ga Afrilu: ofisoshi a rufe, tikiti da tsada, motoci a cike.

Hatimin da komai ya rataya a kansa

Yawancin malamai da biza nau'in B ta shiga sau ɗaya suke zuwa, sannan ofishin shige da fice ya tsawaita musu zama zuwa ƙarshen kwantiragi. Wannan tsawaitawar tana mutuwa ne a daidai lokacin da aka buga maka hatimin fita, sai fa in ka riga ka karɓi izinin sake shigowa. Babu wanda zai tare ka ya tuna maka. Jami'in zai buga hatimi ya miƙo fasfo, shi ke nan aikin watanni ya bi ruwa, takardar izinin aiki ma ta shiga matsala tunda a kan bizar take tsaye.

Fom ɗin neman izinin sake shigowa lambarsa TM.8. Za ka haɗa da hoto ɗaya mai girman santimita 4 da 6, da kwafin shafin hotonka na fasfo, da na biza, da na hatimin tsawaita zama, da na hatimin shigowarka ta ƙarshe, ka sa hannu a kan kowane kwafi. Kuɗin izinin fita sau ɗaya baht 1,000 ne (baht shi ne kuɗin Tailan), na fita ko sau nawa baht 3,800. Lissafin a fili yake: in tafiyarka a shekarar ba za ta kai huɗu ba, sayi ɗai-ɗai. Amma mai fita sau uku ma yana iya zaɓar babban, domin kowane ƙaramin izini yana cin wuri a fasfo, yana kuma cin rabin yini a layi.

A ofishin shige da fice na lardinka ake yi, mazauna Bankok kuma a Chaeng Watthana. Akwai teburin yin sa a filayen jirgin Suvarnabhumi da Don Mueang, ana zuwa da katin shiga jirgi, ka kuma tambayi inda teburin yake kafin ka wuce wurin hatimin fita. Yana aiki, sai dai ka ɗauke shi a matsayin mafita ta ƙarshe, ka kuma ƙara awa guda a kan lokacin zuwanka. In ta ƙasa za ka fita, kada ka sa rai da samun sa a kan iyaka. Kuma izinin ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya: ranar da zamanka zai ƙare, ranar shi ma zai ƙare.

Ka ƙirga shafukan fasfo tun yanzu. Bizar Laos da ta Kambodiya kowacce shafi guda take cinyewa, ga hatiman fita da shiga. Fasfon Najeriya mai shafi 32 ba ya jimawa a hannun malami mai yawo. Kusan duk ƙasashen yankin kuma suna so ya zama da sauran wata 6 aƙalla kafin fasfon ya ƙare.

Ina za a je?

Laos ce mafi kusa, kuma tafiyarta ta fi daɗi ga mai son jirgin ƙasa. Tun Yulin 2024 akwai jirgin da ke tashi daga tashar Krung Thep Aphiwat ta Bankok da daddare, ya tsaya a Nong Khai fasinjoji su sauka a buga musu hatimin fita, ya haye gadar kogin Mekong da aka buɗe a 1994, ya sauke ku a Vientiane, babban birnin Laos, da hantsi. Daga can jirgin ƙasan Laos da Sin, wanda ya fara aiki a Disambar 2021, yana kai mutum Luang Prabang, tsohon birnin sarauta a arewacin Laos, cikin kamar awa biyu, tafiyar da a da takan ci yini guda a kan duwatsu. Tasharsa daban take, a wajen gari, tikitinsa yana ƙarewa da wuri, ana kuma ƙwace wuƙa da turaren feshi mai gwangwani a bakin shiga. Abin lura: Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru suna cikin ƙasashen da Laos ba ta ba wa biza a kan iyaka. Sai an bi ta ofishin jakadancinta. Kada ka kai Luang Prabang a Maris ko Afrilu, lokacin ƙona gonaki ne, hayaƙi yakan rufe duwatsun da ka je gani.

Malesiya ta fi kowacce sauƙi wajen abinci da salla. Abincin halal ko'ina, ɗakin salla a tasha da kasuwa, suna ce masa surau. Jirgi daga Bankok zuwa Kuala Lumpur awa biyu da 'yan mintuna ne. Amma akwai sharaɗin da ba kowa ya sani ba: 'yan wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, ta filin jirgin sama kawai aka yarda su shiga. Malamin da ke Hat Yai, a kudancin Tailan, yana ganin abokansa suna hawa jirgin ƙasa zuwa garin iyaka na Padang Besar su tsallaka, shi ko da biza a hannu ana iya mayar da shi. Agogon Malesiya da na Singafo yana gaban na Tailan da awa ɗaya, ka gyara lissafinka. Singafo ma tana neman biza daga ɗan Najeriya.

Kambodiya don Angkor Wat ake zuwa, tsoffin gine-ginen bauta da ke kusa da garin Siem Reap. Tikitin shiga dala 37 ne na kwana ɗaya, dala 62 na kwana uku, kuma na kwana ukun ya fi, don wurin ya fi ƙarfin yini guda a cikin zafin nan. Ɗan Najeriya ya nemi bizarsa a ofishin jakadanci kafin ya tashi. Rikicin iyaka na 2025 ya sa an rufe mashigan ƙasa tsakanin ƙasashen biyu, saboda haka a jirgin sama za ka ɗora shirinka. Sabon filin jirgin Siem Reap, wanda aka buɗe a Oktoban 2023, yana da nisan fiye da kilomita 40 daga gari. Dala ake kashewa a can tare da kuɗinsu riel, kuma takardar dala mai ɗan yagewa ko rubutun biro mai shago zai juya ta ya miƙo maka abarka.

Maldibs ce ba ta da wahalar takarda: tana ba da bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 kyauta a filin jirgi, in akwai tikitin dawowa da shaidar masauki. Awa huɗu da wani abu ce daga Bankok. Ba sai otal ɗin attajirai ba, akwai ƙananan masaukai a tsibiran da jama'a ke zaune irin su Maafushi, ƙasar kuma ta Musulmi ce.

Ofisoshin jakadancin ƙasashen nan kusan abu ɗaya suke nema: fasfo, hoto, kwafin izinin aiki, wasiƙar makaranta mai hatimi da ke cewa kai ma'aikacinsu ne kuma ga ranar da za ka koma aiki, bayanin asusun banki, shaidar masauki da ta jirgi. Nan ne mutane ke asara, domin tikitin jiragen araha ba a mayar da kuɗinsa. Ka kai musu ajiyar kujera da ta otal waɗanda ake iya sokewa, in biza ta fito ka biya. Za su riƙe fasfon na 'yan kwanaki, don haka ka karɓi izinin sake shigowa tukuna, ka kuma duba kada rahoton kwana 90, wato sanar da ofishin shige da fice adireshinka duk bayan kwana 90, ya faɗo a lokacin da fasfon ba ya hannunka. Ka ba abin wata guda. A cikin Tailan, Laos tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Khon Kaen, Malesiya a Songkhla, amma ka buga waya ka ji ko suna karɓar irin fasfonka kafin ka hau mota.

Ranar tafiya

Duba harufa uku da ke kan tikiti. BKK Suvarnabhumi ne, DMK Don Mueang, inda yawancin jiragen araha ke tashi. Tsakaninsu awa guda ce in hanya ta yi kyau, ranar Juma'a da yamma kuwa hanyar Bankok ba ta yin kyau. Jakar hannu kilo 7 ce, suna aunawa, kuma kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi ya fi na intanet nesa ba kusa ba. Batirin cajin waya a jakar hannu yake zama, ba a cikin kayan da za a auna ba.

Ka buɗe wa layinka na Tailan damar aiki a waje kafin ka tashi, domin lambar sirrin da banki ke turowa ta nan take zuwa. Canjin kuɗi ya fi kyau a hawan ƙasa na Suvarnabhumi, kusa da tashar jirgin ƙasa, fiye da teburan da ke sama. Manhajar kiran tasi ta Grab tana aiki a Malesiya da Singafo da Kambodiya, a Laos kuma Loca ake amfani da ita. Malesiya, Singafo, Kambodiya da Maldibs kowacce tana da fom ɗin isowa da ake cikawa ta intanet, kuma kyauta ne. Duk shafin da ya nemi katin banki a kansa na 'yan damfara ne.

Inshorar da makaranta ta yi maka galibi a cikin Tailan ta tsaya. Sayi ta tafiya ta 'yan kwanakin, ka karanta abin da ta ce game da babur, don yawanci ba sa biyan wanda ya faɗi ba shi da lasisi. Tailan da Malesiya ta hagu ake tuƙi, Laos da Kambodiya ta dama.

Saƙo kuma, kada ka karɓa. Mun saba da "don Allah ga ɗan ƙunshi ka miƙa wa wane", kuma kunya takan hana buɗewa. A yankin da ake yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya, Singafo ma har gobe tana zartarwa, jakar da ba kai ka shirya ba ba ta bin ka. Haka duk wanda ya gayyace ka ganin wani aiki mai tsoka a Myawaddy ta Myanmar, ko Sihanoukville ko Poipet na Kambodiya, garuruwa ne da suka yi ƙaurin suna da gidajen damfarar intanet inda ake tsare baƙi.

Dawowa

Ka dawo Asabar in makaranta Litinin ce. Jirgin ƙarshe na daren Lahadi shi ne mafi araha a ido, amma in aka soke shi babu wani a bayansa, ga taron ɗaga tuta ƙarfe takwas na safe, kuma malamin da ba a gani a layi ba kowa ya san da zamansa.

Tun 1 ga Mayun 2025 kowane baƙo yana cika katin isowa na Tailan ta intanet, TDAC, cikin kwana uku kafin ya sauka, har da mai izinin aiki. Katin allurar shawara ya kasance a jikin fasfo. Ko daga Kuala Lumpur ka taso, ganin fasfon Najeriya ko Nijar yakan sa a tura ka teburin lafiya kafin layin shige da fice, kuma gara ka fara zuwa can da ka kai gaban jami'i a mayar da kai baya. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, tsufan katin ba laifi ba ne.

A gaban jami'in, buɗe masa shafin izinin sake shigowa da kanka. In ya buga hatimi, kada ka matsa sai ka karanta ranar da ya rubuta: dole ta zama ranar ƙarewar tsawaita zamanka. In ya yi kuskure, a nan take gyaran minti biyu ne, in ka bar filin jirgi kuwa sai ka yi zarya a ofis, kuma wuce wa'adi tararsa baht 500 ce kowace rana.

Rahoton kwana 90 ya koma farko daga ranar da ka shigo, tsohuwar takardar da aka maƙala maka a fasfo ta daina aiki. Ƙirga sabuwar ranar ka sa a waya, don makara tararta baht 2,000 ce. Sai ka gaya wa mai gidan haya ka dawo, ka tambayi ofishin lardinka ko suna son sabon TM.30, takardar sanar da masaukin baƙo. Wasu ofisoshin ba sa nema in gida ɗaya ka koma, wasu kuma sai ranar sabunta biza za su tambaye ka ina take.