Girne ko Lefke: Inda Sabon Zuwa Zai Ajiye Jakarsa a Arewacin Saifurus

Na san hoton da ejan ya turo maka kafin ka biya kuɗin makaranta. Tashar jiragen ruwa ce mai siffar kofaton doki, ƙananan jirage a jere, tsohuwar ganuwar dutse a gefe, ruwa shuɗi kamar an zuba masa shuni. Girne ke nan, wadda Turawa ke kira Kyrenia, kuma hoton ba ƙarya ba ne, haka wurin yake. Ni ma shi aka turo mini. Abin da ba a haɗo da shi ba shi ne takardar kuɗin haya.

Na yi shekara biyu a Girne, sannan na koma Gemikonagi, ɗan garin bakin teku da ke ƙasan Lefke, na yi wasu biyun. Duk shekara idan watan Satumba ya kama sai ƙannenmu sun kira suna tambaya: "Yaya, ina ya fi?" Wasu ba su gama zaɓen makaranta ba, wasu kuma sun samu gurbi amma suna tunanin inda za su kama ɗaki. Amsar da nake ba su ita ce zan faɗa a nan, da ɗan tsawo, don a waya kati ba ya bari.

Kafin komai, ka san ƙasar da ka shigo. Tsibirin Saifurus ya rabu biyu tun 1974, ɓangaren arewa ya ayyana kansa ƙasa a 1983, kuma Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi. Shi ya sa jirginka bai kawo ka kai tsaye ba, sai da ya biya ta Turkiyya kafin ya sauke ka a filin Ercan (Erjan ake furta shi). Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a nan, idan fasfonka ya samu matsala Ankara za ka dosa. Kuma wanda ya ce maka daga nan tsallakawa Turai kamar tsallaka titi ne, ya cuce ka. A 2020 har hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, ta bakin shugabarta Abike Dabiri-Erewa, ta ja kunnen iyaye game da turo yara nan. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. So nake ka gane cewa a wurin da ba ka da gwamnatin da za ta tsaya maka, unguwar da ka zauna da mutanen da kake kwana kana tashi da su, su ne gatanka.

To, Girne. Gari ne da aka gina don baƙon mako guda. Otal-otal ne jere a bakin ruwa gabas da yamma, yawancin manyan da gidajen caca a ciki, domin Turkiyya ta rufe nata gidajen cacar tun 1998, masu abin suka ƙauro nan, masu buga ta kuma suke biyo su duk ƙarshen mako. Ga Ingilishi 'yan fansho da suka sayi gidaje a gindin dutse, ga 'yan Rasha, ga 'yan Iran. Ko'ina ka shiga da Turanci za a gane ka, wannan kuwa babban sauƙi ne a watanninka na farko, lokacin da Turkancinka bai wuce "merhaba" ba. Akwai Jami'ar Girne American, wadda aka kafa a 1985, akwai Jami'ar Kyrenia, ga Lefkosha babban birni kusan kilomita 25 kawai, ka haura duwatsun Beshparmak ka gangara ka iso. Asibitin gwamnati na Dokta Akcicek yana cikin gari. Ranar Laraba ana cin kasuwa, kayan lambu sun fi na kanti araha. Shagon kayan abincin Afirka ba ya wuyar samu, mai kitso da mai aski ma haka.

Duk wannan daɗin da kuɗinsa. Lira ake kashewa a kasuwa, amma haya da fam na Ingila ake yanka ta. A farkon 2021 fam ɗaya kusan lira 10 ne, a 2024 ya haura 40. Naira kuma tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 kowa ya san halin da ta shiga. Wato mahaifinka a Kano ko Gusau yana neman naira, kai kana biyan fam, a garin da mai gida ya san idan ka tashi gobe akwai Baturen da zai kama ɗakin. Ranar da na kama ɗakina na farko, abin da na ware na wata uku a tafi ɗaya ya tafi: kuɗin wata, kuɗin ajiya na wata biyu, da ladan dillali. Ban san da "aidat" ba sai ƙarshen wata, wato kuɗin share bene da kula da harabar gida, har da tafkin wankan da ban taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Da na tashi barin gidan, mai shi ya zagaya ɗakin da tocilan ɗin wayarsa, ya nuna baƙin funfunan da damina ta bari a bango, ya ce kuɗin ajiyata sun tafi fenti. Tun daga ranar, duk ɗakin da na shiga sai na ɗauki bidiyonsa lungu-lungu a gaban mai shi kafin in sa hannu. Kai ma ka yi haka, kuma ka tabbata an buga wa yarjejeniyar hatimi a ofishin haraji.

Tekun da ka zo dominsa ma, mafi yawan wuraren da ke da yashi mai kyau otal ne ya kewaye, sai ka biya a ƙofa. Alagadi, inda kunkurun ruwa ke zuwa yin ƙwai, shi ne wanda muka fi zuwa, amma sai da mota.

Abin da ya fi haya tsada a Girne, a ganina, ido ne. Za ka ga sa'anka ɗan Najeriya, wanda ba ka taɓa gani a aji ba, ya wuce ka a mota mai tsada, kai kana tsaye a rana kana jiran dolmush, 'yar ƙurƙurar bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa. Rana ɗaya ba komai. Wata shida kana ganin haka kullum, ga kuɗin gida sun makara, sai zuciya ta fara lissafi. Na ga yaran kirki, masu sallar asuba a jam'i lokacin da suka zo, waɗanda a nan ƙafarsu ta zame: wani ya ba da asusun bankinsa aro, wani ya karɓi saƙon da bai san abin da ke ciki ba. Ba Girne ce ta lalata su ba, amma ta shimfiɗa musu tabarma. Wanda ya san kansa, ya san zuciyarsa ba ta jure gani, to ya yi wa kansa adalci.

Lefke kuwa wata duniya ce. Daga Lefkosha za ka yi yamma, ka wuce Guzelyurt da gonakin lemonta, tafiyar awa guda da 'yan kai. Tsohon garin yana ɗan ciki, a gindin duwatsun Troodos, cikin lambunan lemo da dogayen itatuwan dabino waɗanda ranar da na fara ganinsu sai da na tuna hanyar Dutse. Gemikonagi ce a bakin ruwa, kuma a nan kusa Jami'ar Turai ta Lefke take, wadda aka buɗe a 1990. Da can garin ma'adinai ne. Wani kamfanin Amurka ya yi shekaru yana haƙar tagulla a yankin har rikicin 1974 ya tsayar da aikin, kuma har yau tsohuwar gadar lodin tana nan ta miƙe cikin teku, ta yi tsatsa, ga tulin jar ƙasar da aka bari. Kada ka yi wanka a daidai wurin, ka matsa yamma wajen Yedidalga. Bakin ruwan nan tsakuwa ya fi yawa, ba irin na hoton ejan ba ne, amma ba mai tare ka a ƙofa.

A nan kuɗina suka fara kai ni ƙarshen wata. Ɗakin da na kama da wani ɗan Katsina bai kai abin da nake biya ni kaɗai a Girne ba, kuma da ƙafa muke zuwa aji. Matar da muke haya a gidanta, tsohuwa ce da muke kira "teyze", wato inna, lokacin lemo sai mu tarar da leda cike a rataye a ƙofa. Wata rana na leƙa bayan gida na gan ta da maƙwabciyarta sun baza zani suna tsinke ganye daga kara. Na duba da kyau, na ce wannan ai lalo ne! Su "molohiya" suke ce masa, su shanya shi su dafa da nama. Gwaza kuma "kolokas", kuɓewa "bamya". Ranar Asabar mukan shiga mota zuwa kasuwar Guzelyurt mu yo cefanen mako, da garin semolina a madadin tuwo, miya ta yi yauƙi kamar a gida. Daddawa da kuka da yaji ne kawai sai dai ka ƙullo daga gida ko ka roƙi mai zuwa.

Maganar addini ma ta sha bamban. Turkawan Saifurus Musulmi ne, amma akasarinsu ba masu yawan zuwa masallaci ba ne, kada abin ya ba ka mamaki. A Girne masallacin Aga Jafar Pasha yana nan bayan tashar jirage, tsohon gini tun zamanin Usmaniyya, sahu kuma yawanci 'yan Pakistan ne da Bangladesh da Turkawan Turkiyya da mu. Sai ka ratsa teburan masu shan giya kafin ka kai ƙofarsa. A gidajen abincin da ke harin Turawa ka riƙa duba kalmar "domuz", alade ke nan. A Lefke kuwa akwai zawiyar Shehu Nazim al-Haƙƙani na ɗariƙar Naƙshabandiyya, wanda ya rasu a 2014 aka binne shi a can, kuma har yanzu muridai daga Jamus da Ingila da Malesiya suna zuwa da rawunansu. Ko kana ɗariƙa ko ba ka yi, wannan tsakaninka da malaminka ne, ni dai na sha miya mai zafi a wurin a daren da aljihuna ba ko lira. Duk inda ka yi sallah, Hanafawa ne: huɗuba da Turkanci, amin a ɓoye, bayan sallama a miƙo maka carbi. Ka bi liman, ka bar gardama.

Kada in yi maka irin ta ejan, in nuna maka rabin hoto. Shirun Lefke yana da nauyi. Kai da ka zo a Satumba, rana na nan, gari cike da ɗalibai, ba za ka gane ba. Bari Janairu ta zo. Kafin biyar na yamma duhu ya yi, ruwan sama da iska daga teku, gidajen kuma an gina su ne don zafi, sanyi yana ratsa bango ya shiga ƙashi. Ka kunna hita, mita ta cinye kuɗin cefane. Motocin haya suna ɗaukewa da wuri, ranar Lahadi sai a hankali, tasi kuwa kuɗinta ya isa abincin kwana uku. Idan hutun zango ya zo, ɗaliban Turkiyya suka tafi gida, kana iya tafiya daga ƙofar makaranta har bakin ruwa ba ka haɗu da kowa ba sai kyanwa. Na san wata ƙanwarmu da ta yi wata biyu ba ta fita ko'ina sai aji, ba ta gaya wa kowa ba, sai da ta rame muka lura. Wanda ya taso a gidan yawa, inda ko tari ka yi sai an ce sannu, ya nemi abokin zama tun kafin sanyi ya shigo, ya kuma shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan jiharsu ko da ba ya son taro. Asibitin Cengiz Topel yana kusa don ƙananan larurori, babba kuwa Lefkosha za a tura ka.

Sai aiki, wanda shi ne ke raba gardamar ga mutane da yawa. Idan gida ba za su iya ɗaukar nauyinka duka ba, Lefke ba ta da abin ba ka sai ɗan aikin gona lokacin tsinkar lemo ko wankin kwano a gidan abincin ɗalibai, shi ma layi ne. A Girne akwai aiki a otal da gidan abinci da wurin gini, musamman daga Mayu zuwa Oktoba. Amma aikin bazara ne, sanyi na shigowa ake sallamar mutane, haya kuwa ba ta san sanyi ba. Na yi wata biyu ina ɗaukar faranti a wani gidan abinci ba takarda, mai wurin ya riƙe mini kuɗin mako uku, ba ni da inda zan kai ƙara tunda ni ma a karkace nake. Ka nemi izinin aiki na ɗalibi ta hannun makarantarka, ka tambayi tun farko ko aikin ya haɗa da ɗaukar giya, kuma kome za ka yi kada ka bar izinin zamanka ya ƙare, domin tarar kullum ake lissafa ta.

Ni dai in ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma an biya masa makaranta ana turo masa na abinci, Lefke zan kai shi, aƙalla shekarar farko, har ya koyi ƙirga lira da Turkanci ya kuma gane waye waye. Wanda makarantarsa take Girne, ko dole sai ya yi aiki, ya zauna can, amma ya nemi ɗaki a sama wajen unguwannin ma'aikata, nesa da bakin ruwa, kusa da inda bas ɗin makaranta ke tsayawa, su haɗu su biyu ko uku da waɗanda ya san gidajensu. 'Yan'uwa mata kuma, ɗakin kwanan makaranta ya fi a zangon farko, ko a wane garin.

Bayan na koma Gemikonagi ban daina zuwa Girne ba. Duk bayan jarrabawa mukan haɗa kuɗi mu huɗu mu tafi tun safe, mu shiga ganuwar mu kalli ragowar jirgin nan na katako da ya nutse shekara sama da 2,000 da suka wuce, mu hau Bellapais mu hango teku daga sama, mu sha shayi a bakin tasha, mu ɗauki irin hoton da ake turawa gida. Ƙarfe huɗu na yi ɗan Katsinan nan zai fara duba agogo, don in motar ƙarshe ta Guzelyurt ta tashi ba mu, sai dai mu kwana a falon wani.