Yadda Ake Amfani da Gwajin PCR Wajen Gano Cututtukan da Ake Ɗauka Daga Dabbobi

Idan mahauci daga kwata ko mai shan nonon da ba a tafasa ba ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, kuma maganin maleriya da na taifot sun gaza, a tambayi sana'arsa tukuna, domin mai yiwuwa ƙwayar burusela ce ya ɗauka daga dabbobi. Ƙwayar burusela, mai haddasa bakkale (cutar da ke sa ɓari) a shanu, takan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta tsiro a ɗakin gwaji, shi ya sa ake neman PCR, wanda ke ninka ƙwayoyin halittarta har a gano ta cikin sa'o'i.

A ɗebi jinin kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a zuba shi a kwalba mai murfi shunayya, domin sinadarin hefarin da ke cikin mai koren murfi yana dagula gwajin. A ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da zafin bazarar Kano ba ya yi wa sassauci. Idan ana zargin ƙwayar leftosfira, wadda fitsarin ɓera ke yaɗawa, jini ake gwadawa a makon farko, daga baya kuma fitsari.

Rashin ganin ƙwayar bai wanke majiyyaci ba. A haɗa da gwajin garkuwar jiki.